Ranar da Dakta Ya Ƙetare Fili

An yi wani mutum, ma'aikacin ofis a wata jami'a, wanda Allah ya hore wa ƙafa mai sauri da baki mai zaƙi. Ba malami ba ne, bai taɓa riƙe alli ba. Aikinsa kai takardu da saƙonni daga wannan gini zuwa wancan, amma ya 'yan uwa, sai da ya mai da aikin nan sarauta. Nakowa ake ce masa, don babu ofishin da ba a saba da sallamarsa ba.

A tsakiyar jami'ar akwai wani fili mai ciyawa. Ginin masu kimiyya yana wannan gefe, ɗakin karatu yana wancan, ofishin masu kwamfuta yana can bayan tankin ruwa. Filin nan ko tsohuwa ba za ta gaji da ƙetare shi ba. Amma kun san masu ilimi da jin kai. Kowa yana cikin ɗakinsa, fanka na juyawa, yana jira a zo a same shi. Daktan da ke koyar da ilimin sinadarai yana ganin mai kula da ɗakin karatu ce ya kamata ta zo. Ita kuma ta ce ai mai nema shi ke tafiya. To wa zai yi tafiyar? Nakowa.

Babu maganar da ta fi yi masa daɗi a duniya kamar ya ji an ce, "A bari sai Nakowa ya zo." In ya ji wannan, ko bai karya ba ya ƙoshi.

Yana da 'ya guda da ya sa wa sunan mahaifiyarsa, yana kiranta Mamana. Yarinya ce mai kwanya, ta sami shiga jami'ar nan, ɓangaren kimiyya. Da ta shiga sai ta tarar da abin da 'ya'yan talakawa suke tararwa. Littafin sinadarai guda ɗaya kuɗinsa ya isa cefanen gida na wata. 'Yan kwafin da ke ɗakin karatu layi ake yi musu. Wanda ya samu sai ya ɗauki hoton shafuka da waya, ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, har rubutun ya koma kamar sawun kaza. Haka yara suke matse ido suna karatu.

Ana nan sai Allah ya kawo sabuwar shugaba. Ta tara ma'aikata ta ce, "Muna da malamai, muna da na'urori. Me zai hana mu rubuta littattafanmu, mu sa su a intanet kyauta? Kowa ya karanta, kowa ya buga, wata makaranta ma in tana so ta ɗauka ta gyara daidai da buƙatarta."

Ya 'yan uwa, ku zo ku ga murna. Ɗalibai suka cika baranda suna ta maganar, baki har kunne. Tsofaffin malamai suka shiga zaro takardun lacca da suka yi shekaru a cikin durowa. Aikin kuwa ba na hannu ɗaya ba ne. Malami ya rubuta. Mai ɗakin karatu ta duba wane hoto da wane bayani ne masu shi suka yarda a ɗauka, kada a ci haƙƙin wani. Injiniyan kwamfuta ya tsara shi yadda ko ƙaramar waya za ta buɗe. Masu zane su zana, malaman harshe su sassauta jimla, ofishin masu lalurar gani ya mai da shi murya. Ina sadaka mai gudana da ta wuce wannan? Ka mutu ka bar yaron da bai san sunanka ba yana karatu da guminka.

Aka kafa kwamiti, aka ce da littafin Dakta za a fara. Da aka zo zaɓen sakatare, baki ya zo ɗaya: Nakowa. Ranar ya koma gida yana taku ɗai-ɗai. Mamana kuwa ta bi ƙawayenta tana gaya musu, "Babana ne zai haɗa su. In ba shi, ba sa ko gaisawa."

A zaman farko ne abin ya lalace, kuma a cikin zuciyarsa ya lalace. Yana zaune da biro a hannu sai ya ga Dakta da Malamar ɗakin karatu suna hira, har da dariya. Ya ji Dakta yana cewa, "Ashe ofishinki ba nisa." Suka karɓi lambar juna. Injiniya, mutum mai barkwanci, ya ce, "In aikin nan ya kankama, nan gaba ba sai an aiki kowa ba." Da wasa ya faɗa. Amma maganar ta soki Nakowa har ƙashi.

Ya fito yana tunani. In waɗannan suka saba da juna, ni kuma in zama wa? Wa zai sake cewa a jira ni? Shaiɗan ba ya buƙatar babbar ƙofa, ya 'yan uwa. 'Yar wannan tambayar ta ishe shi.

Kashegari ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana rusunawa. "Ku manya ne, lokacinku da tsada. Ku bar mini zirga-zirgar, ai aikina ne." Suka ji daɗi, kowa ya koma kujerarsa kamar da. Lambobin da aka karɓa suka kwanta a waya.

Daga nan ya fara saƙa. Ya kai wa Malama babin farko, ya ajiye, ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ma ba ya son ya faɗa, amma Dakta ya ce 'yar kaɗe ƙura ba za ta taɓa masa rubutu ba. Ya koma wurin Dakta ya ce Malama ta ce bayaninsa ya tsufa, sai dai a naɗe gyaɗa da shi. Ya gangara bayan tanki ya gaya wa Injiniya cewa su biyun suna kiransa mai gyaran waya. Duk wanda ya gaya wa, sai ya ƙara da cewa, "Don Allah kada ka nuna ka ji, ni zan lallaɓa." Sai a gode masa. Kun ji? A gode masa.

Aiki ya tsaya cak. Dakta ya riƙe sauran babobi, Malama ta daina tambaya, Injiniya ya ce na'ura ta cika. Nakowa kuwa ya koma tauraro, yana ta safa da marwa a filin nan yana "sulhu". Zangon karatu ya wuce babu littafi. Yara da dama suka faɗi jarrabawar sinadarai, cikinsu har da Mamana.

Kullum in ya dawo sai ta kawo masa ruwa ta durƙusa ta ce, "Baba, yaushe zai fito?" Shi kuma ya girgiza kai ya ce, "Malaman nan ne, Mamana, ba sa jituwa. Ina dai ƙoƙari." Yana kallon idonta ya yi ja saboda karatun hoto mai dishi-dishi. Yana sonta, wallahi yana sonta. Amma son a ce sai da shi ya fi ƙarfi. Wane irin ciwo ne wannan, da uba zai sayi girma da hawayen 'yarsa?

Shugaba ta gaji da jira. Ta aiko cewa mako mai zuwa tana son ganin kowa a ofishinta, a zauna gaba da gaba a faɗi abin da ya hana. Labari ya iso kunnen Nakowa. Ya ga hanya ɗaya ce ta rage: Dakta ya yi fushi ya janye daga aikin kafin ranar, zama ya wargaje. Ya san halin mutumin, in ya yi fushi takarda yake rubutawa ya ba Nakowa ya kai.

Dakta yana da wani malami da ya rene shi, wanda ya rasu, hotonsa ma na jikin bangon ofis. Nan Nakowa ya nufa da wuƙar bakinsa. Ya shiga da hantsi, ya rufe ƙofa, ya rage murya. Ya ce Malama ta ce duk rubutun nan na marigayi ne Dakta ya sace, kuma a gaban shugaba za ta faɗa.

Ya tsaya yana jiran a jawo takarda da biro. Dakta bai jawo komai ba. Ya dubi hoton nan, ya cire tabarau, ya miƙe da farar rigar ɗakin gwaji a jikinsa, ya buɗe ƙofa ya fita.

Gishiri ya yi yawa, ya 'yan uwa. Wutar da ya hura don ta raba su, ita ce ta ɗauki Dakta ta sa shi a hanya. Mutumin da ya yi shekaru bai taka ciyawar nan ba, ga shi yana ratsa ta kamar zai tashi sama. Nakowa na biye da shi da gudu-gudu, fayil na zubewa. "Ranka ya daɗe, bari ni in je. Ranka ya daɗe, girmanka ne zai zube." Ko waiwaye bai samu ba.

Lokacin shirin wata jarrabawar ne, ɗakin karatu ya cika maƙil, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da buɗe shafi. Dakta ya tsaya gaban teburin Malama.

"Malama, ni ne ɓarawo?"

Ta ɗago a firgice. "Wane irin ɓarawo, Dakta? Ni da nake nuna wa mutane babinka ina cewa ban taɓa ganin bayani mai sauƙi irinsa ba? Kai ne dai ka ce 'yar kaɗe ƙura ba za ta taɓa aikinka ba."

"Ni? Wa ya gaya miki?"

"Kai wa ya gaya maka?"

Allah da ikonsa, Injiniya yana ƙarƙashin wani tebur yana haɗa wayoyin kwamfuta. Ya leƙo da kai ya ce, "Ku dakata. Ni ma mai gyaran wayar ina da tambaya."

Ba wanda ya yi dariya. Su ukun suka dubi juna, sannan suka juya a hankali wajen ƙofa. Ga Nakowa tsaye, zufa ta karyo masa, bakin nan mai zaƙi ya bushe. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Duk ɗaliban sun ɗago kai. Ya bi fuskokin da kallo yana neman inda zai ajiye idonsa, sai ya ajiye shi a kan teburin da ke bakin taga. Mamana ce zaune, waya a hannunta da hoton shafin nan mai dishi-dishi, ƙawayen da ta yi wa alfahari suna gefenta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sunkuyar da kai, kuma ba ta sake ɗagowa ba har ya fita.

A ranar, kafin la'asar, mutanen nan uku suka jawo tebur ɗaya suka zauna. Abin da ya gagara zango guda sai ga shi yana tafiya kamar ruwa a gangare. Masu zane suka zo, malaman harshe suka zo. Littafi ya fito, yara suka yi ta tura wa juna, wani makaho ya sa abin ji a kunne ya zauna yana murmushi shi kaɗai. Masu lissafi suka ce su ma sai an yi nasu, masu koyar da aikin jinya suka bi layi. Saboda yawan kai da komowa har ƙafa ta fitar da 'yar hanya a tsakiyar ciyawar nan.

Nakowa fa? Da aka fara tonawa sai tsofaffin gaba suka yi ta warwarewa. Farfesoshi biyu da suka daɗe ba sa ga maciji suka gano bakin wa ya raba su. Aka cire shi daga kwamiti, aka mai da shi sito, can ƙarshen makaranta, inda ake tara karyayyun kujeru. Ba a kore shi ba, kuma da korar ta fi masa sauƙi. Mutumin da hira ce abincinsa, yanzu in ya doso wuri sai magana ta mutu. In ya ce an yi ruwa, sai an leƙa taga.

A gida Mamana ba ta daina gaishe shi ba, ba ta daina kawo ruwa ba, yarinya ce mai tarbiyya. Tambayar ce kawai ta daina. Wata rana da yamma ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida tana karatu, rubutu tar a wayarta. Ya tsaya, ya ce, "Mamana, ashe ya fito."

Ta ce, "Ya fito, Baba. Ashe ba wuya, da suka ga juna."

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, bai ko cire takalmi ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci ko allura ba. Magana kawai ya ɗauka daga nan ya kai can, ya ƙara mata abin da babu. Da ita ya tsare alheri daga ɗaruruwan yara, da ita ya rushe mutuncinsa a idon wadda ya fi so. Annamimanci ke nan. Tushensa kuwa son a ce sai da kai. In aikin alheri zai tafi ba tare da kai ba, ka yi hamdala ka sa hannu. Wanda ya tsaya a ƙofar ilimi don a riƙa roƙonsa, ranar da aka buɗe taga ina zai sa kansa?

Ku kuma manya masu jiran a zo a same ku, kada ku ce ba ruwanku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an kawo maka maganar ɗan uwanka, kada ka rubuta takarda, kada ka kwana da ita. Sa takalminka ka ƙetare filin, ka tambaye shi ido da ido. Yawancin filayen da ke tsakaninmu ba su da nisa.

Allah ya tsare harsunanmu daga raba zukata. Ya sa mu zama mabuɗan alheri, kada mu zama makullansa. Ya sa wa masu yaɗa ilimi albarka, ya kuma kiyaye mu daga ranar da za mu kasa haɗa ido da 'ya'yanmu. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya, amin.