Kunya Biyu a Gona Ɗaya

A wani ƙauye akwai wani manomi mai babbar gona, mutum ne mai son a ce da shi mai kirki. Da lokacin huɗa ya yi, sai ya kira gayya. Ya aika wa dukan samarin garin, 'yan gari da baƙi, ya ce, "Kowa ya zo. Gonata ba ta ƙin kowa."

Al'adar garin kuwa ita ce, duk saurayin da ya ja kunya a gayyar wani, samari za su je su yi masa huɗa a tasa gonar idan layi ya zo kansa. Wanda bai ja kunya ba, ba ya cikin layi.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani saurayi mai suna Irmiya, wanda shan inna ya shanye masa ƙafa ɗaya tun yana ƙarami. Shi kaɗai yake noma wa tsohuwarsa, gonarsu kuma ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya sa maƙeri ya yi masa garma mai gajeriyar ƙota, ya wasa ta, ya riga kowa isowa.

Manomin ya tsaya a bakin gona yana rabon aiki, yana cewa, "Kai ga kunyarka, kai ma ga taka." Da ya iso kan Irmiya, ya dubi ƙafarsa, sai tausayi ya kama shi. Bai tambaye shi kome ba. Ya ce, "Ɗana, je ka zauna a inuwar ɗorawa ka kula mana da tulun ruwa. Zuwanka ma ya isa."

Irmiya ya tafi ya zauna. Makaɗi ya yini yana kiran samari ɗaya ɗaya da sunayensu, amma nasa sunan bai fito ba, gama makaɗi ba ya yi wa mai gadin tulu kirari. Manomin kuwa duk wanda ya zo wucewa sai ya nuna masa inuwar, ya ce, "Ka gani? Har gurgu yana cikin gayyata."

Da aka tashi aiki aka kawo tuwo, manomin da hannunsa ya zaɓo wa Irmiya tsoka mafi girma. Saurayin ya ture akushin a hankali.

Manomin ya ce, "Haba ɗana, me na yi maka? Ba ni na kira ka ba?"

Irmiya ya ce, "Ka kira ni, Baba, na gode. Amma kowa ka ba shi kunya a cikin gona, ni kuma ka ba ni tawa a gaban mutane. Yanzu da wane baki zan kira su gonar Inna?" Ya ɗauki garmarsa, ko ƙasa ba ta taɓa ba, ya tafi.

Kashegari samari suka wuce gonar mai bi a layi. Manomin ya bi ta gonar tsohuwar, ya iske Irmiya a durƙushe yana huɗa shi kaɗai. Kunyoyinsa a miƙe suke, sun fi na gayyar jiya kyau, sai dai ko kwatan gonar bai ci ba, ciyawa kuma ta rufe sauran. Manomin ya sunkuyar da kai, ya wuce.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Gonar ita ce zumuntar matasa ta ikilisiyarmu, manomin kuwa mu ne shugabanni. Muna kiran kowa, haka ne. Amma idan aka zo rabon aiki, sai mu ba 'ya'yan waɗanda muka sani jagorar waƙa da karatu da tsara taro. Yarinya mai basira wadda ba mu san iyayenta ba, da baƙon da Hausarsa ba ta nuna ba, da mai naƙasa, sai mu ce su zauna su huta, muna kiran wannan tausayi. Wanda aka hana aiki an hana shi zama ɗan'uwa. Ubangiji bai aiko kowa hannu wofi ba, saboda haka kafin ka zaunar da wani, tambaye shi abin da ya iya da abin da yake bukata don ya yi shi.

Ba daga nesa nake faɗa muku ba, kuma ina jin kunyar faɗa. Shekara uku ina shugabancin matasa, akwai wata kurma a cikinmu mai suna Rifkatu. Duk ranar da manyan baƙi suka zo, a bencin gaba nake zaunar da ita, amma ko sau ɗaya ban ba ta aiki ba. Ta gaji ta daina zuwa. Daga baya na ji tana tara yara kurame a gidansu tana koya musu addu'a da hannu. Har yau idan muka haɗu a hanya tana gaishe ni da fara'a, ni kuwa ƙasa nake kallo.