Tukwanen Tagulla a Kan Soro

An ce wani sarki ya yi mulki a wata ƙasa mai zafin rana, inda damina ba ta cika wata uku. Ya sa aka ƙera masa tukwanen tagulla arba'in, aka jera a kan soronsa, aka dasa furen wardi da fatake suka kawo daga ƙasashen sanyi. Ba a yi kwana goma ba suka bushe ƙurmus. Ya kori mai lambu ya ɗauki wani, haka har mutum uku. Da na huɗu, Barau, ya gaza, sarki ya yi rantsuwa gobe sai an yi masa bulala ɗari an fitar da shi daga gari.

Da safe wata tsohuwa mai ginin tukwane, Tabawa, ta zo fada ta faɗi ta yi gaisuwa. Ita kuwa ƙofar gidanta kore shar take ko da bazara.

Ta ce, "Ya sarki, na san wanda ya kashe furenka. A gidanka yake kwana, kullum bayinka suna goge masa jiki."

Sarki ya ce, "Faɗi sunansa."

Ta ce, "Ba ya bayyana sai rana ta take tsaka."

Aka jira. Da rana ta take, suka hau soro. Ta roƙi sarki ya tuɓe takalmi ya sa ƙafa cikin wata tukunya da aka juye ƙasarta. Ya sa. Ai kuwa ko numfashi bai ja ba ya yi tsalle don zafin tagullar yana salati, fadawa suka sunkuyar da kai.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kai kana da inda za ka gudu. Saiwa fa? Tukunyar yumɓu gumi take yi ta sanyaya abin da ke cikinta, kamar randa. A huda gindinta, a dasa abin da ya san ranar nan: kariya, lalle, ɗoɗɗoya."

Sarki ya ce, "Kariya? Itacen daji a soron sarki?"

Ta ce, "Ita ce ke fure lokacin da komai ya yi yaushi."

Sarki ya daɗe yana duban tafin ƙafarsa, kunya ta kama shi. Ya saki Barau, ya aika a nemo ukun da ya kora. Biyu aka samu. Na ukun ba wanda ya san inda ya nufa da iyalinsa.

Sarki ya ce wa magatakarda, "Rubuta: kada mai mulki ya hukunta mutum sai ya taka inda ya tsayar da shi."