Wasan Karta da Muryar Rifkatu

Akwai wani mutum, magidanci, yana da tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur. Ba don tsadarta yake ji da ita ba. A cikinta muryar matarsa Rifkatu take, wato waƙoƙin da ta rera tare da zumuntar mata kafin Ubangiji ya kira ta gida. Duk duniya babu inda muryar nan ta saura sai nan.

Ana nan sai kwamfutar ta fara ciwo. In ta tashi sabunta kanta, sai ta kai rabi ta tsaya cik, ta mutu, ta farka, ta koma farko. Mutumin ya kashe ya kunna, ya bubbuga ta kamar tsohuwar rediyo, duk a banza. Da abin ya ishe shi, ya ɗaure ta a bayan babur ya kai wa Istifanus mai gyara.

Istifanus ya duba, ya ce, "Baba, wannan ta wuce faci. Sai an share ta tas, an ɗora mata babbar manhaja sabuwa tun daga tushe. Waƙoƙin Mama zan kwashe in mayar maka. Amma wannan wasan kartar da ke cikinta, a ina ka samo shi?"

"Wani ne ya tura mini a tasha. Tun rasuwar Rifkatu shi ke ɗebe mini kewa."

"To, shi ya shigo da cutar, shi ke hana ta sabuntawa. Don Allah kada ya sake shiga, Baba."

Mutumin ya ce to. Amma to ɗin ta baki ce kawai. Ashe yana da wasan a wani ƙaramin filash, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, cikin aljihun rigarsa, ya kuwa ɓoye wa mai gyara.

Aka share, aka ɗora sabuwa. Kwamfuta ta sabunta kanta babu gardama, sai ka ce yau aka sayo ta. Muryar Rifkatu ta fito tangaram, har mutumin ya goge hawaye da hularsa.

Wata rana da la'asar gida ya yi tsit, hannunsa ya soma ƙaiƙayi. Ya ce a ransa, "Ai yanzu ta warke, ƙarfinta ya dawo. Ɗan ƙaramin wasan nan guda me zai yi mata?" Ya zaro filash ya soka. Kai, ɗan Adam!

Cuta ta tarar da ɗaki a share, ta baje kolinta. Da can sabuntawa kawai take hanawa, wannan karon kuwa ta bi duk abin da ke ciki ta cinye. Kashegari ya danna waƙar Rifkatu, shiru. Ya danna wata, shiru.

Ya koma wurin mai gyara. "Ɗana, waɗanda ka kwashe fa?"

Istifanus ya sunkuyar da kai. "Baba, da na mayar maka na goge na wurina don in sami wurin yi wa wasu aiki. Kwamfutar zan iya sake share ta yau ɗin nan. Muryar Mama kuwa, ba ni da inda zan samo ta."

Mutumin ya zauna a benci, ya dafe kai, ya yi kuka irin wanda ya yi ranar jana'iza.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kwamfutar zuciyarka ce. Faci ba ya gyara ta, sai Ubangiji ya share ta ya mai da ita sabuwa. Filash ɗin kuwa zunubin nan ne da ka tuba da shi a baki, amma ka ɓoye shi a aljihu domin ranar kewa. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ƙarami ne. Gaskiya Allah mai jinƙai ne, in ka dawo zai sake wanke ka. Amma kafin ka dawo, zunubi yakan cinye abin da gafara ba ta mayarwa: aure, suna, amanar 'ya'yanka.

Saboda haka kafin ka fita daga ɗakin sujadar nan, sa hannu a aljihunka. Me ka ɓoye wa Mai gyara?