Gishirin Gidan Tomij

Ya 'yan uwa, ku matso. Ba zan maimaita ba.

An yi wani mutum da ya zo mana daga Daka, babban birni. Sunansa ba zai amfane ku ba. Aikinsa a jami'a nazarin al'adun mutane: yadda ake aure, yadda ake binne gawa, abin da ake rataya wa jariri. Ya san na Musulmi, ya san na Hindu, ya san na mutanen duwatsu. Ni ban yi boko ba, ban ga amfanin aikin ba. Amma baƙo ne, muka karɓe shi.

Tomij manomin shinkafa ya ba shi ɗaki. Matar Tomij, Joigun, ta binne 'ya'ya maza uku. Da na huɗu ya zo namiji, sai ta yi abin da kakanninmu mata ke yi. Ta huda masa hanci, ta sa masa rigar mata, ta bar masa gashi, ta kira shi da sunan mata, Feli, wai idan mutuwa ta zo neman namiji ta wuce. Jahilci ne. Mala'ikan mutuwa ba ya ɓatan hanya. Amma asirin gidansu ne, daga su sai ungozoma.

Wata rana baƙon ya ga ana yi wa yaron wanka a tafkin bayan gida, ya gane. Tomij ya lura, ya kawo shinkafa da gishiri ya ajiye a gabansa.

"Ƙanena, ka ci gishirinmu. Abin da ka gani ya tsaya a cikinka."

"Yaya, har kabari," in ji shi. Ya ci.

Ranar kasuwa yana zaune a rumfar mai shayi, maza suka tasa shi gaba da tsiya.

"Farfesa, yau me ka gano? Cewa da hannu muke cin shinkafa?"

"Ku ƙyale shi, gobe zai auna wutsiyar akuyata!"

Aka yi dariya. Dariya ce kawai, ya 'yan uwa, wa ta taɓa kashewa? Amma girman kai ba ya jure dariya. Ya ajiye kofi ya ce, "Ku da aka haifa a nan, kun san 'yar Tomij ba 'ya ba ce? Magajinsa ne ke yawo a gabanku da ƙarfe a hanci."

A ƙarshen benci akwai ƙanen Tomij, wanda ya daɗe yana kallon gonar wansa da idon gado, tunda a saninsa babu ɗa namiji. Ya shanye shayinsa.

Kafin a girbe shinkafar shekarar, yaron ya fita wasa bakin kogi bai dawo ba. Wata mai wanki ta ce ta ga baƙon kwale-kwale. Ba a kama kowa ba. Ni ma ba zan kama suna ba, Allah Ya sani.

Mutumin Daka ya durƙusa gaban Joigun. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ka ce ka san kowa da al'adarsa," in ji ta. "To, je ka kawo mini ɗana."

Ya tafi. Ya bi masu wasa da maciji da ke kwana cikin kwale-kwale. Ya kutsa taron Hindu ranar wankan kogi. Ya duba mabarata a ƙofar kaburburan waliyyai. Ya shiga wuraren gasa bulo inda yara ke ɗaukar kaya. Ya hau duwatsu, ya ƙetare iyaka ya dawo. Ko'ina ya san yadda ake gaisuwa, ya san inda ake cire takalmi. Yaron ne kawai bai san inda yake ba.

Jami'a ta gaji ta sallame shi. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta. Tomij ya mutu da baƙin ciki, gona ta koma hannun ƙanen. Baƙon kuwa yana ta tafiya, gemu ya cika fuska, riga ta zama tsumma. Duk yaron da ya gani sai ya tsuguna, ya kama haɓarsa ya duba hancin.

Haka ya yi a wani ƙauye da ba a san shi ba. Wata mata ta ƙwala ihu, "Ɓarawon yara!" Maza suka fito da sandunan gora. Ya yi musu magana da harshensu tsaf, wa ya saurara? Mai neman yaron da aka sace, da sunan satar yara aka kashe shi.

Ni na karɓo gawar, ni na yi masa wanka. Da na sanar da Joigun, na zaci za ta ce alhakinta ne. Sai ta kalli kogi ta ce, "Liman, yanzu wa zai ci gaba da nema?"

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci yaro ba, bai ɗauki wuƙa ba. Magana ɗaya ya yi don a daina yi masa dariya. Baki shi ke yanka wuya, kuma ba wuyan mai shi kaɗai ba. Wanda ya buɗe maka ƙofarsa, asirinsa amana ne a wuyanka, ko da asirin wauta ne. Wanene a cikinku bai riƙe da asirin wani? Me kuka yi da shi jiya a rumfar mai shayi?

Allah Ka ɗaure harsunanmu a kan amana. Ka ji ƙan Tomij. Shi ma baƙon Ka gafarta masa, ya yi nadama da ƙafafunsa. Yaron nan, in yana raye, Ka nuna masa hanyar gida. Allah Ya kiyaye mu.