Jarumin da Ya Kasa Tsayuwa

Akwai wani matashi a Tsafe mai suna Mahadi, wanda Allah ya ɗora wa son jaruman finafinai. Bai tsaya a kallo ba. Ƙananan mutum-mutumin nan na roba da ake ƙerawa da siffar jaruman, masu alkyabba da sulke da garkuwa, su yake tarawa. 'Yan gidansu suna ce musu 'yan tsana, amma in ka faɗi haka a gabansa, ranar ba za ku rabu da daɗi ba.

Kuma a gaskiya Mahadi ya san kayan. In ya juya ɗaya a hannu sau biyu zai gaya maka na kamfani ne ko jabu. Ya duba fenti, ya lanƙwasa gaɓoɓi ya ji ko sun saki, ya tsayar da shi a tebur, sannan ya ba shi maki a bidiyo. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ba shi da linzami.

Masu wannan sha'awa suna da zaure a waya, mutum arba'in da 'yan kai daga Gusau da Tsafe da Bungudu. Da suka yanke shawarar yin gasa ta farko a wani ɗakin taro a Sabon Garin Gusau, zauren ya rikice da murna. Wanda ya ci zai tafi da kabad ta gilashi, kuma sunansa ya zama na farko a tarihin zauren. Sunan nan Mahadi yake so kamar ransa.

Shi aka ba aikin rubuta dokoki. Ya rubuta cewa dole jarumi ya tsaya da ƙafafunsa ba tare da an jingina shi ba. Ya ƙara da cewa duk wanda aka taɓa gyarawa ba zai shiga ba.

Kowa ya san da wa yake. Malam Hamidu ne, wani dattijo mai liƙin bokiti da jarka a Nahuce ta ƙasar Bungudu. Yakan tsinci karyayyun jarumai a kayan gwanjo, ya zauna ya haɗa su, kuma hotunan aikinsa da yake turawa sun fara jan hankalin zauren fiye da yadda Mahadi zai iya haɗiyewa.

Ranar Asabar tun hantsi wuri ya cika. Ga tebura an shimfiɗa musu farin ƙyalle, ga matasa kowa da kwalinsa a hammata, ga wayoyi a sama ana ɗauka. Sai ga Malam Hamidu da jakar buhu a kafaɗa.

Mahadi ya tare shi a ƙofa. "Baba, ba ka karanta doka ba? Nan ba wurin bokiti ba ne."

Wasu suka yi dariya. Dattijon ya ce, "Na karanta, ɗana. Na ɗauka ko kallo a bar ni in yi." Da ya ga ba fuska, ya juya ya nufi teburin mai shayi a bayan ginin.

Mahadi ya shige ɗan ɗakin da ake shiri. Shekara biyu yana cika wa zauren baki da wani jarumi mai baƙin sulke da aka aiko masa daga waje, wanda bai taɓa buɗe kwalinsa ba. Yau ce ranar. Ya yanke liƙin a hankali, ya zaro shi, ya ɗora a tebur.

Jarumi ya kife da fuska.

Ya sake tsayar da shi, ya sake faɗuwa. Da ya duba da kyau sai ya ga ƙafafun biyu sun gantsare kamar bakan harbi. Saura minti ashirin a kira sunansa, ga mutanen da ya sha yi wa kayansu dariya suna jira a waje.

Ya cusa jarumin a riga ya fita ta baya, bai ma san inda za shi ba. Malam Hamidu, da ke zaune da kofin shayi, ya ga fuskarsa.

"Mi ya same ka, ɗana? Kawo in gani."

Kunya ta so ta hana shi, amma ba shi da wata hanya. Dattijon ya karɓa ya shafa ƙafafun da babban yatsa.

"Ina ka aje wanga abu?"

"Cikin silin ɗin ɗakina. Saboda ɗiyan yayata, kada su taɓa."

"Ƙarƙashin kwano? Bazara biyu?" Malam Hamidu ya girgiza kai yana murmushi. "Ko bokiti ka aje can sai ya durƙusa. Roba ba ta son zahi, ko daga wace ƙasa anka kawo ta."

Ya roƙi mai shayi ruwan zafi a kofi da ruwan ƙanƙara a wani. Ya tsoma ƙafafun cikin na zafin, ya ƙirga a ransa, ya fiddo su sun yi laushi. Ya miƙe su da yatsu a hankali, yana kanne ido ɗaya yana auna su, sannan ya tsunduma su cikin na sanyi. Da ya ɗora shi a teburin mai shayi, jarumi ya tsaya ƙyam, ƙirji a gaba.

Mahadi ya kusa yin ihu don murna. Dattijon ya goge shi da bakin rigarsa ya miƙa masa. "Tahi da sauri, ana jiranka. Ba mai ji daga bakina."

Da aka kira sunansa ya ɗora jarumin a farin ƙyalle, ɗaki ya ɗauki sowa. Mutane suka yi ta turereniya, kowa yana son hoto. Attahiru, shugaban zauren kuma alƙalin gasar, ya zagaya shi yana jinjina kai. Sannan ya yi tambayar da ake yi wa kowa:

"An taɓa gyara shi?"

Kalma ɗaya ta rage tsakanin Mahadi da kabad ɗin nan. Ba alamar gyara a jikin robar, kuma ya san dattijon ba zai tona ba. Amma ta taga yana hango shi ya saɓa jakarsa, yana tsaye a bakin titi yana jiran motar Bungudu. Nan kunya ta rufe shi.

Ya ce, "An gyara shi. Yanzun nan, a bayan ginin ga. Kwance na zo da shi, Malam Hamidu ya tashe shi."

Attahiru ya ce, "Ka san dokar da ka rubuta."

"Na sani, kuma na fita. Amma ina roƙonku ku soke ta. Ba don gyaran gasa na rubuta ta ba, don tsoron wancan bawan Allah na rubuta ta."

Kafin Attahiru ya gama tambayar jama'a, hannuwa sun tashi, an amince a soke dokar. Mahadi da kansa ya ruga titi ya riƙo jakar dattijon.

Malam Hamidu ya fiddo jarumi ɗaya tal, mai koren sulke, ya ce hannunsa a karye ya tsince shi. Aka ce Mahadi ya nemo wurin liƙin, tunda ba wanda ya kai shi ido. Ya kunna fitilar waya, ya bi hannun dama gaɓa-gaɓa. Ya dawo ya sake bi. Jama'a suka kewaye shi suna ta ihun "Ga shi nan! A'a, ba nan ba ne!"

Can ya ɗago ya ce, "Baba, na kasa. Nuna mini."

Dattijon ya ce, "Ai na hagu ne, ɗana. Kuma wuri uku ya karye."

Ɗakin ya fashe da tafi da dariya, har mai shayi ya leƙo. Malam Hamidu ne ya ci gasar. Bayan la'asar aka ɗaure masa kabad ta gilashi a saman motar Bungudu, kuma Mahadi ne ya ɗauki gefe ɗaya har bakin titi. Ya koma Tsafe ba kyauta, amma tun da aka buɗe zauren nan ba a taɓa yi masa addu'a irin ta ranar ba.

Darasi: Kada ka rufe wa mutum ƙofa don kana tsoron ya fi ka, kuma kada ka raina sana'ar kowa, domin ba ka san ranar da ilminsa zai rufa maka asiri ba. In kuma an yi maka alheri a ɓoye, ka sami ƙarfin zuciyar faɗarsa a fili ko da za ka rasa abin da kake nema. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su karanta.