Gwanin da Ba a Iya Aiki Sai da Shi

Akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta da abokan aikinsa suke kira Gwani, kuma ba don zolaya ba. Shekara tara ya yi a wani kamfani da ya haɗa manhajar da asibitoci suke tura sakamakon gwajin jini da ita, daga ɗakin gwaji zuwa teburin likita. Fiye da rabin manhajar nan shi ya rubuta ta da hannunsa.

Sai dai babu mai iya karanta aikinsa sai shi. A sana'ar nan, in mutum ya rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, yakan bar ɗan bayani a gefe saboda wanda zai zo bayansa. Gwani ba ya barin ko layi ɗaya. Kalmar sirrin babbar kwamfutar kamfanin ma a kansa kaɗai take.

Yana da dalilinsa. A wurin aikinsa na farko ya zauna ya koya wa wani sabon ma'aikaci komai, bayan wata huɗu aka sallame shi aka bar wancan. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa ba zai sake zama wanda za a iya yi ba shi ba.

Ana nan sai aka ɗauki wata mata aiki. Shekara goma sha biyu ta yi tana koyar da lissafi kafin ta koyi rubuta manhaja, don haka kowa Malama yake ce mata. Ba ta da sauri, amma ba ta tsallake abin da ba ta gane ba.

Wata rana ta jawo kujera kusa da teburinsa, ta ce, "Gwani, wannan sashen da ke karɓar sakamako, na yi kwana uku ina bin sa, na kasa gane inda ya dosa. Ko za ka ba ni minti goma?"

Bai ko cire abin sauraron da ke kunnensa ba. Ya ce, "Malama, nan ba aji ba ne. Wanda sai an yi masa bayani, ai alli ya fi dacewa da hannunsa."

Ofis ya kwashe da dariya. A wurin nan haka ake yi: wanda ya fi iya yarfa ɗan'uwansa shi ake ganin ya fi ƙwaƙwalwa. Malama ta mayar da kujerarta. Ba ta daina gaishe shi ba, amma ba ta sake tambayarsa ba.

Manaja ya sha ce masa ya rubuta bayanin aikinsa. Kullum amsar ɗaya ce: "Sai na samu sarari." Manajan kuwa tsoron ɓata masa rai yake yi, sai ya bar maganar.

Ran nan yayarsa ta kira shi daga garinsu, ta ce an kwantar da Baba, mahaifinsu, a asibiti, jikin ya yi tsanani. Gwani ya ɗauki jakarsa da laftof ɗinsa, wato kwamfutarsa ta hannu, ya hau mota. Cikin gaggawa ya manta da abu ɗaya. Akwai wani wuri da manhajar ke tara tarkacen bayanai, wanda duk mako biyu shi yake share shi da hannu. Babu wanda ya san da wannan aikin sai shi.

Ya tarar da Baba ya rame, numfashi da ƙyar. Kwana biyu yana gefen gadon, shi yake ba shi ruwa da cokali.

A rana ta uku, da hantsi, Baba ya buɗe ido tarwai, ya kama hannunsa. Ya ce, "Matso. Akwai maganar da nake so mu yi, ni da kai."

Daidai lokacin wayar Gwani ta fara ruri. Ya kashe, ta sake. Ya kashe, ta sake. Da ya ɗaga, sai ya ji muryar manaja.

"Gwani, ka yi haƙuri, na san halin da kake ciki. Manhaja ta tsaya cak. Asibiti shida ba sa ganin sakamako. Akwai wadda za a shiga da ita tiyata, likita yana jiran gwajin jininta."

Sai ga muryar Malama, ta karɓi wayar. Ta ce, "Gwani, ina jin wani wuri ne ya cika. Ka faɗa mini kalmar sirrin da inda zan duba, ka koma wajen Baba. In na kakare zan rubuto maka."

Gwani ya san ta canka daidai, kuma abin da ya dame shi ke nan. In ta gyara yau, gobe kowa zai san ba wani abin kirki ba ne.

Ya ce, "Ba za ki gane ba. Ɓata shi za ki ƙara yi. Bari in shiga da kaina."

Ya zare hannunsa daga na Baba. "Minti goma, Baba. Yanzu zan dawo."

Yayar ta bi shi da kallo.

Babu sabis na waya a cikin ɗakin, babu a baranda. Sai da ya fita har wurin ajiye motoci, ya ɗora laftof a bayan wata mota, rana na dukansa. Sabis ɗin ya zo, ya ɗauke. Ya share wurin da ya cika, sannan ya zama dole ya sake tura sakamakon da suka maƙale, asibiti bayan asibiti. Sau biyu yayarsa ta kira, yana katsewa, don da wayar yake samun intanet ɗin.

Minti goma ya zama awa ɗaya da rabi.

Da manaja ya rubuto cewa komai ya dawo daidai, Gwani ya rufe laftof ya nufi ɗakin da sauri. Tun daga bakin ƙofa ya ga an ja mayafi har saman fuskar Baba. Yayarsa tana zaune a ƙasa, ta jingina da bango.

Ta ɗago ta ce, "Ya yi ta kallon ƙofa."

Gwani ya zauna a inda yake tsaye, laftof ɗin na rungume a ƙirjinsa.

Bayan mako biyu ya koma aiki. Manaja ya tara mutane yana yabonsa, yana cewa ga mutumin da ya ceci kamfani yana tsaka da jinyar mahaifinsa. Aka yi tafi. Gwani ya ji kamar ana marinsa.

Da aka watse, shi ya jawo kujera zuwa teburin Malama. Ya rubuta kalmar sirrin a takarda ya tura mata, ya nuna mata wurin da ke cika, ya ce ta gwada yana kallo. Ta share shi, ta kuma sake tura sakamakon gwaji yadda ya nuna mata. Ya duba agogo: minti goma sha ɗaya.

Ya ce, "Da na ba ki ranar nan..."

Ta ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Bari mu rubuta yadda ake yi, mu sa inda kowa zai gani."

Wata uku suka yi suna rubuta bayanin. Ba a kore shi ba. Babu ma wanda ya yi tunanin hakan.

Amma akwai tambayar da ya kasa yi, sai da ya koma gida ganin yayarsa. Suna zaune a tsakar gida, tana ninke kayan Baba, ya daure ya ce, "Yaya, maganar da Baba ya so yi da ni, ya faɗa miki?"

Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta.

"Na tambaye shi. Na ce ya faɗa mini, zan isar maka. Ya ce a'a, ai ka ce yanzu za ka dawo."

Darasi: Wanda ya ɓoye iliminsa don kada a iya yi ba shi, kansa ya ɗaure, kuma ranar da zai fi buƙatar a sake shi, ranar ce za a kira shi. Ka koyar da na kusa da kai, kada ka wulaƙanta mai tambaya. Ku tura wa duk wani ma'aikaci da kuka san shi kaɗai yake riƙe da komai a wurin aikinsa.