Tsohuwa Mai Daddawa da Maƙwabtanta

Akwai wata tsohuwa mai yin daddawa a wani ƙauye. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta kuma suka fara gazawa. Ranar da ta faɗi a hanyar rijiya, sai ɗanta ya zo ya tafi da ita birni, ya ɗauki wata mata aikin kula da ita.

Matar nan ba ta da laifi. Ita ke girki, ita ke wanki, ko tsintsiya ba ta barin tsohuwa ta taɓa. Amma tsohuwa sai ta wuni a bakin taga, hannuwa a kan cinya. In hadari ya haɗu, sai ta ce a ranta, "Ko an yi shuka a gida?" Tana kewar warin kalwa a tukunya, da sallamar mata a ƙofarta. Har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ana nan, wata maƙwabciyarta ta ƙauye ta shigo birni, ta biyo gaishe ta. Tsohuwa ta riƙe hannunta, ta ce, "'Yata, ɗorawar bayan gidana ta yi 'ya'ya bana?"

Ta ce, "Ta yi, Kaka, amma ba mai tsinka."

Tsohuwa ta kau da kai, ta goge ido da bakin zane.

Maƙwabciyar ta koma ta faɗa wa 'yan'uwa a ikilisiya. Suka tashi dattawa zuwa wurin ɗan, suka ce, "Ka bar mana Kaka ta dawo."

Ya ce, "Baba, wa zai iya da hidimarta?"

Babbansu ya ce, "Mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma mai zuwa rijiya zai cika mata randa, matan zumunta za su yi mata daka, ni kuma zan leƙa ta kowace safiya. Sauran, ita za ta yi abinta."

Haka kuwa aka yi. Tsohuwa ta dawo, ta hura wuta a murhunta da hannunta, ta ɗora kalwa.

Ma'anar misalin nan, ƙaunatattu, ita ce: tsofaffinmu ba abinci da magani kaɗai suke bukata ba. Suna marmarin gidansu, da aikin hannunsu, da fuskokin da suka sani. Ubangiji bai ɗora wa mutum ɗaya dukan kayan ba. Ya sa mu kusa da juna domin kowa ya ɗauki kaɗan. Akwai tsohon da kake wucewa ta ƙofarsa kullum. Gobe ka tsaya, ka yi sallama.